Babi na Tara: Rubutun Allo da Alamar Zango

Idan watan azumi ya kama, da wuya ka shiga masallacin da ake tafsiri a garin Bauchi ba ka ga waya ko kyamara a kafe kan sanda tana kallon malam ba. Daga Gwallaga zuwa masallacin ƙofar fada, har ƙananan masallatan Jahun da Fadamar Mada, akwai yaron da aikinsa ke nan: ya ɗauka, ya ɗora a Facebook ko YouTube. Kafin a ga watan sallah an tara bidiyo 29 ko 30, kowanne ya haura sa'a guda, sunansu kuma ɗaya in ban da lamba: rana ta 1, rana ta 2, har a kai ƙarshe.

A ce bayan sallah wata baiwar Allah mijinta ya rasu, tana son ta sake jin abin da malam ya faɗa kan takaba. Ta san a Baƙara ne, ta san farkon azumi ne. Sai ta buɗe rana ta 3, ta ja da yatsa, ta saurara, ta ja gaba, ta dawo baya. Data na zuba, ba ta kai ga wurin ba. Ƙarshenta ta haƙura ta aika a tambayo mata wani. A gidan kuma akwai tsohon da kunnensa ya yi nauyi, yana karanta boko sarai, amma bidiyon ba abin da yake ba shi sai motsin leɓe. An ɗauki karatun da kyau, an tace sauti, an sa tambarin masallaci a kusurwa, sai dai mutum biyu a gida ɗaya ba su amfana ba.

Ayyuka biyu ne ke toshe wannan giɓi. Na farko rubutun allo, wato maganar da ake yi ta riƙa fitowa a rubuce daidai lokacin da ake furta ta. Editoci sabtaitul suke cewa. Na biyu alamar zango, wato a raba doguwar tafiyar bidiyo gida-gida, kowane gida da sunansa, mai kallo ya sauka inda yake so. Duka biyun ba sa buƙatar sabuwar kwamfuta. Haƙuri suke ci da kunne.

Liƙaƙƙe da na zaɓi

Rubutun allo iri biyu ne, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta yin aiki sau biyu. Akwai liƙaƙƙe, wanda aka haɗe shi da jikin hoton lokacin renda, wato lokacin fitar da bidiyon. Ba ya cirewa, ba ya gyaruwa, duk inda bidiyon ya je da shi zai je. Akwai kuma na zaɓi, wanda yake zaune a fayil ɗinsa daban, mai kallo ya kunna in yana so, ya kashe in ba ya so. Shi ne ke fitowa idan ka taɓa ɗan akwatin nan mai CC a YouTube.

Amurka ma da liƙaƙƙen ta fara. A 1972 tashar WGBH ta Boston ta sa rubutu a shirin girkin Julia Child domin kurame, kowa na gani ko yana so ko ba ya so. Sai a watan Maris na 1980 aka soma watsa na zaɓi, an ɓoye shi a layi na 21 na siginar talabijin, sai mai wata 'yar na'ura ta musamman ke iya fito da shi. Na'urar na da tsada, don haka a 1990 aka yi doka cewa daga 1993 duk talabijin mai inci 13 zuwa sama da za a sayar a ƙasar sai ta zo da abin a cikinta. A Ingila BBC ta bi ta hanyar Ceefax, mai so ya danna shafi na 888.

Mu namu ya shigo ta wata ƙofa. Masu fim ɗin Hausa sun sa rubutu ne don wanda ba ya jin Hausa, musamman bayan buɗe Africa Magic Hausa a 2010, lokacin da fim ɗin Kano ya soma shiga falon mutanen Legas da Inugu. Shi ya sa har gobe idan ka ce wa edita ya sa sabtaitul, Turanci zai kawo maka, liƙaƙƙe. An sha yi wa Turancin nan dariya, kuma abin takaicin shi ne kuskuren da aka liƙa ya zauna ke nan. Da a fayil daban yake, gyaran minti biyu ne. A ɗaya ɓangaren kuma, da aka tashi kawo fim ɗin Indiya ga Bahaushe sai aka bi ta murya, kamar yadda Algaita ta yi suna a kai. Sakamakon haka, Hausa a baki da Hausa a rubuce a ƙasan allo ɗaya abu ne da ba mu saba gani ba, alhali shi ne ya fi yi mana amfani.

Wa ake yi wa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya, kimanin miliyan 430, na da lalurar ji mai buƙatar kulawa. Mu kuma muna zaune ne a yankin sanƙarau. Annobar 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 11,000, kuma sananne ne cewa cikin waɗanda sanƙarau ke bari da rai akwai waɗanda yake tafiya da jinsu. Ƙyanda ma haka. Ga tsufa, ga masu injin niƙa da masu walda da suka shekara cikin ƙara.

Amma a nan sai an yi hattara, don ba duk kurma ne rubutun Hausa zai yi wa amfani ba. Wanda aka haifa da lalurar, ya yi karatu a makaranta irin ta masu buƙata ta musamman da ke Yelwa ko ta Tudun Maliki a Kano, galibi Turanci ya fi iya karantawa, domin maganar hannun da ake koyarwa a makarantu ta samo tushe ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster da ya kafa makaranta a Ibadan a 1960. Wani kuma bai shiga aji ba sam, maganar hannun Hausawa yake yi, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000. Shi wannan tafinta yake buƙata a kusurwar allo. Wanda rubutun Hausa ke ceta shi ne wanda ya ji Hausa ya girma da ita, daga baya kunne ya tafi. Nan ne na zaɓi ya yi wa liƙaƙƙe fintinkau: bidiyo ɗaya zai ɗauki fayil na Hausa, da na Turanci, da na Fulatanci, da na Sayanci in akwai mai rubutawa, kowa ya ɗauki nasa. A jiha irin Bauchi mai tarin harsuna wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sauran masu amfana kuwa lafiyar kunnensu ƙalau. Mai shago a Wunti da janareta ke ruri a bayansa, ɗaliba a ɗakin karatu na Gubi, mai jego da jariri ya samu barci da ƙyar, duk kallo suke ba murya. Akwai kuma juyin abin. Jawabin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi ranar 1 ga Oktoba 1960, da wanda ya yi a majalisar Amurka a Yulin 1961, da Turanci ne. Ɗan ƙasar Bauchi ne, kabarinsa na cikin gari, amma dattijon Liman Katagum da bai yi boko mai zurfi ba murya kawai zai ji ya yaba. Fayil ɗaya na Hausa zai buɗe masa abin da aka ce.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta samu sa hannun Shugaba Buhari a Janairun 2019. Ba na jin wani jami'i zai zo shagonka ya duba ko ka sa rubutu. Aikin ya rage tsakaninka da wanda ya ba ka kwangila.

Abin da ke cikin fayil

Fayil ɗin da ya fi yawo sunansa SRT, kuma ba wani sihiri a cikinsa. Buɗe shi da Notepad ka gani. A ce bidiyon wata mai koyar da masa ne:

1
00:00:12,400 --> 00:00:14,600
Ki jiƙa shinkafar tun da daddare,

2
00:00:14,800 --> 00:00:18,300
da safe ki kai niƙa,
ki haɗa da dafaffiyar shinkafa kaɗan.

Lamba, sai lokacin shiga da na fita, sai magana, sai layi guda fanko. Lokacin kuwa sa'a ne, minti, sakan, sannan bayan waƙafi kashi dubu na sakan. Ɗan'uwansa VTT na shafukan intanet kusan haka yake, sai dai ɗigo yake sawa a gurbin waƙafin. Wanda ya fahimci layukan nan ya fahimci abin da Premiere Pro da DaVinci Resolve da CapCut suke yi a ɓoye. Su dai sun hutar da kai buga lambobi: suna ba ka layi na musamman a saman layin hoto, kowace jimla ta zama ɗan tubali da za ka ja bakinsa hagu ko dama. Resolve ya samu wannan layi tun 2018, Premiere kuma ya sake fasalin nasa a 2021. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi ya nemi Subtitle Edit ko Aegisub. Kyauta ne, ba su da nauyi, kuma a wannan aiki ni na fi son su a kan manyan.

Ƙa'ida ta farko: kada ka taɓa rubutu sai an gama yanka. Idan ka jera jimla 300 sannan mai aiki ya ce a cire gaisuwar shugaban ƙaramar hukuma a minti na 2, duk abin da ke bayanta ya goce. Ka sa ya kalla, ya ce ya amince, sannan ka fara.

Ta biyu: raba aikin gida biyu. Fara rubuta maganar duka, ba ruwanka da lokaci. Bayan nan ka dawo ka ɗora ta kan sauti. Mai son haɗa biyun lokaci guda kansa zai yi zafi kafin minti biyar.

Inda gwaninta take

Ɗora rubutu kan lokaci da ido ake yinsa fiye da kunne. Buɗe zanen sautin nan mai kama da tsaunuka, ka faɗaɗa shi. Inda mai magana ya buɗe baki za ka ga tudu ya tashi, inda ya ja numfashi za ka ga kwari. Bakin tubalinka na hagu ya zauna daidai gindin tudun. In ya riga murya, ka tona abin da ba a faɗa ba tukuna, wanda a wasan barkwanci kashe dariya ne. In ya makara, mai kallo zai ji kamar ana jansa da igiya. Bakin dama kuwa kana iya barinsa ya ɗan wuce ƙarshen magana, ido ya ƙarasa. Tsakanin tubali da tubali bar ɗan tazara na firam biyu, don ido ya gane an canza.

Manyan kamfanoni na da ma'auninsu. Netflix na cewa kada layi ya wuce harafi 42, kada layuka su wuce biyu, kada rubutu ya zauna fiye da sakan 7, kada kuma ya gaza kusan sakan guda. Saurin karatu ana auna shi da harafi nawa ido zai ci a sakan, kuma 17 adadi ne da aka daɗe ana aiki da shi. Jimlar farko ta mai masa, da tazararta duka, harafi 33 ce, ka ga tana son sakan biyu. Sai dai wannan ma'auni an yi shi ne don mutanen da suka tashi suna karanta ƙasan allo. Mai kallonmu da yawa a hankali yake karanta Hausar boko, wani ma sai ya motsa leɓe, kuma a kan wayar da allonta bai kai tafin hannu ba. Shawarata ka sassauta: gajerun layuka, ƙarin lokaci.

To ya za a yi da mai magana kamar ana korarsa? Dole a rage, amma a san me ake ragewa. "Ka gane ko", "wato", "to shi ke nan" da maimaicin da baki ke yi, waɗannan suna iya tafiya. Hujja, lamba, suna da sharaɗi ba a taɓa su. A wa'azi, da maganar likita, da ta ɗan siyasa, ni ban yarda da taƙaitawa ba sam. Gara rubutun ya yi sauri da a ce ka sa wa malami maganar da bai yi ba.

Sai wurin karya jimla, wanda a Hausa ya fi haɗari fiye da yadda ake zato. Ɗauki ma'aikaciyar lafiya tana cewa kada ku ba yaro wannan magani. Idan tubali na farko ya ƙare a "kada ku", na biyu zai fito shi kaɗai a allo: "ba yaro wannan magani." Wanda ya ɗago kai a daidai lokacin ya karanta umarni. Wanda ya ɗauki hoton allon ya tura a WhatsApp ya yaɗa akasin abin da aka ce, ga fuskar matar a jiki. Haka "ba" ɗin farko da "ba" ɗin ƙarshe na korewa, a yi ƙoƙari su zauna a tubali ɗaya. Kada a raba "Sarkin" da "Bauchi", kada a raba lamba da abin da take ƙirgawa. Karya inda mai magana zai iya numfasawa ba tare da ma'ana ta karye ba.

Rubutun da aka yi don kurma ba magana kaɗai yake ɗauka ba. A bidiyon hawan sallah rabin labarin a sauti yake. Sai ka rubuta a cikin baka: [ana busa kakaki], [bindigogin 'yan baka], [guɗa]. Idan mai magana ba ya cikin hoto, sa sunansa ko matsayinsa a gaba. Kirarin maroƙa kuwa, in ka ji shi sosai rubuta, in ba ka ji ba ka ce [kirari] ka wuce. Kada ka ƙirƙira.

Tafsiri na da tasa matsalar, don murya biyu ce: mai jan baƙi da malam. Larabci daga dama yake tafiya, manhajoji da yawa kuma suna wargaza shi, su raba haruffan ko su juya su. Ga nauyin kuskure a aya. Hanya mafi aminci ita ce lokacin da alaramma ke ja ka rubuta sunan sura da lambar aya, idan malam ya karɓa ka bi shi da Hausa.

Ƙugiya da Bausanci

Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, su ne suka fi ba editoci kunya. Ka gama aiki lafiya, ka buɗe a wata na'ura, sai ka tarar da akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. Dalili biyu ne. Ko dai ba a ajiye fayil ɗin da tsarin UTF-8 ba, wanda zaɓi ne da ke nan a wurin ajiyewa, ko kuma salon harafin da ka ɗauka bai san su ba. Yawancin haruffan ado na CapCut da ire-irensa ba a yi su da mu a rai ba. Noto Sans da Andika suna da su duka. Gwada kalma ɗaya mai ƙugiya kafin ka yi nisa. Kada kuma ka ce bari a bar ƙugiyar kowa zai gane. Mai ji yana da murya ta warware masa ko ƙasa aka ce ko kasa. Kurma rubutun kaɗai gare shi. Idan bidiyon na masu kallon Maraɗi da Damagaram ne, ka tuna su ƴ suke rubutawa inda muke sa 'y.

Akwai tambayar da editan Bauchi zai ci karo da ita wadda na Kano bai damu da ita ba. Mutumin nan ya ce "motan nan" ko "matan shi ta zo", kamar yadda bakin Bauchi ya saba. A rubuta yadda ya faɗa ko a mayar daidaitacciya? Ra'ayina ya danganta da irin bidiyon. In sanarwa ce, ko darasi, ko labarai, a bi daidaitacciyar Hausa, don ita aka koya a makaranta, ita ido ya fi saurin ɗauka. In hira ce da dattijo kan tarihin Yakubun Bauchi, ko wasan kwaikwayo, a bar masa bakinsa. Wanda ya goge Bausanci daga bakin Babaushe ya rage wani abu daga shaidar da ya zo adanawa.

Na'ura fa?

Za a ce ai yanzu manhaja na saurara ta rubuta da kanta. Gaskiya ne, YouTube ya fara haka tun Nuwambar 2009, kuma a Turanci abin ya yi nisa. Hausa ce dai har yanzu ke ba su wuya. Whisper, wanda OpenAI ta saki a Satumbar 2022, ya san da Hausa, amma kamfanin bai sa ta cikin jerin harsunan da yake bugun ƙirji da su ba. Dalilin a fili yake: ba a tara muryoyin Hausa masu rubutu a gefe da yawa ba, ga mu da tsoma Larabci da Turanci cikin jimla guda, ga amsa-kuwwar lasifikar masallaci. Inda na'ura ke da rana shi ne gano inda magana ta fara da inda ta tsaya. Bar ta ta yanka maka tubalan, kai ka zuba kalmomin. Amma rubutun da ba a bi shi layi-layi ba kada ya fita da sunanka.

In rubutu ya goce

Idan ka kunna ka ga rubutu da murya ba su tafiya tare, duba farko, duba ƙarshe. In tazarar ɗaya ce, sakan biyu a nan sakan biyu a can, abin mai sauƙi ne: zaɓi duka ka matsar da su gaba ɗaya. In kuwa a farko daidai ne amma yana ƙara gocewa, matsalar adadin firam ce. Talabijin ɗinmu firam 25 take tafiya da shi a sakan, fina-finai da yawa kuma 23.976. Bambancin kamar ba komai, amma a sa'a guda ya kai minti biyu da rabi. Subtitle Edit na da wurin sauya wannan. Wayoyi kuma suna da wata ɗabi'a ta canza adadin firam suna cikin ɗauka, musamman in haske ya ragu, kamar bayan la'asar a cikin masallaci. Doguwar ɗauka ta waya, fara wuce da ita ta HandBrake ka tsayar mata da adadi ɗaya kafin ka kai ta teburin yanka.

Alamar zango

Mu ba baƙin wannan dabara ba ne. Almajirin da aka ce wa ya buɗe izu kaza, sumuni na kaza, ba ya fara lalube daga bangon farko. Abin da alamar zango ke yi wa bidiyo ke nan. Zamanin kaset ba mu da ita, sai dai a sa biro a juya zare. DVD ya zo da allon zaɓen fage, ya tafi da abinsa. YouTube ya dawo da ita a 2020, kuma sharuɗɗansa uku ne: alamar farko ta fara da 0:00, alamomin su kai uku aƙalla a jere bi da bi, kowane zango kuma kada ya gaza sakan 10. A akwatin bayanin bidiyo ake rubuta su:

0:00 Buɗewa da addu'a
4:10 Baƙara 228, iddar saki
31:45 Baƙara 233, shayarwa
58:20 Baƙara 234, takaba
1:22:05 Tambayoyi

Da ka ajiye, layin ƙasan bidiyon zai rarrabu, kowane yanki da sunansa. In bai rarrabu ba, kusan kullum 0:00 ɗin aka manta.

Ba sai ka zauna da takarda kana kwafar lokaci ba. A Premiere da Resolve, kana cikin kallo ka danna M, alama za ta sauka inda kake. Sake dannawa ka ba ta suna. Resolve na iya tura su YouTube kai tsaye, Premiere kuma zai fitar maka da jerinsu ka kwafa. Wanda ya fi kowa dabara shi ne yaron da ke riƙe da kyamara a masallaci: ya ajiye ɗan littafi, duk sanda malam ya shiga sabuwar mas'ala ya duba agogon ɗauka ya rubuta. Ya rage wa edita sauraren sa'a biyu.

Sunan zango shi ne rabin aikin. "Kashi na 2" ba suna ba ne. Rubuta abin da mutum zai buga in yana nema: rabon gadon mace, taki na biyu a masara, yadda ake cike fom ɗin JAMB. Google na karanta waɗannan sunaye, yakan kuma kai mai nema tsakiyar bidiyo daidai wurin. Kada kuma a cika su. Zango kowane minti guda ya zama hayaniya. A bidiyon biki ma haka: kamu, ɗaurin aure, walima, kai amarya, buɗar kai. Gwaggon da ke Azare ba ta da datar sa'a uku, wurin da ta fito take son gani.

Wajen miƙa aiki

Ga inda gaskiyar kasuwarmu take karo da duk abin da na faɗa. Rubutun zaɓi na aiki a YouTube da Facebook. Yana aiki a VLC da MX Player in fayil ɗin SRT na zaune a jaka ɗaya da bidiyon kuma sunansu ɗaya. Amma yawancin bidiyonmu ta WhatsApp da Xender da shagon masu turi suke yawo, a nan kuwa bidiyon kaɗai ke tafiya, ɗan fayil ɗin a bar shi a baya. Alamar zangon YouTube ma ba ta bin bidiyon in an sauke shi.

Don haka kada ka zaɓi ɗaya. Fayil ɗin SRT shi ne uwa, a kansa ake gyara, daga gare shi ake fassara. Daga nan ka fitar da bidiyo tsaf ba rubutu, na ɗorawa a intanet tare da fayil ɗin. Sannan ka fitar da na biyu mai liƙaƙƙen rubutu, mara nauyi, na turawa a waya. A wannan na biyun sa farin harafi mai baƙin gefe ko baƙar shimfiɗa, don farar shadda da farin rawani suna haɗiye farin rubutu. In na tsaye ne irin na TikTok, ɗaga rubutun sama kaɗan, ƙasan wurin maɓallansu ne. Dogon karatu kuma a yanka shi bisa alamomin zangon nan, kowane guntu da sunansa a jikin fayil.

Aikin na cin lokaci. Minti goma na magana yana iya cinye maka sa'a guda ko fiye, kuma wuta na iya ɗaukewa kana tsaka, don haka riƙa ajiyewa akai-akai. Saboda haka kada ka yi shi a matsayin gyara kyauta. Rubuta shi a takardar kuɗi da layinsa daban, bisa minti, kamar yadda kake rubuta kuɗin ɗauka da na tacewa. In mai aiki ya ce kuɗin ya yi yawa a cire wani abu, nuna masa tambarin nan mai juyawa da ke cin sakan 20 a farkon bidiyo, ka ce a fara da shi. Ranar miƙa aiki kuma ka ba shi abu huɗu a filashi: bidiyo mara rubutu, bidiyo mai rubutu, fayil ɗin SRT, da jerin zanguna. Ka riƙe kwafin SRT ɗin a wurinka, domin ranar da zai dawo neman na Turanci ko na Fulatanci, lokutan na nan a jere, kalmomin kawai za a sauya.